Hayaƙin Wata Huɗu

Ku yi haƙuri da shirun kwana biyun nan. Ke kuma da kika rubuto min "ko dai an ɗaura ne ba a gayyace mu ba," Allah ya shirye ki, ba a ɗaura komai ba. Yatsuna ne suka ƙi riƙe waya. Yanzu haka da nake muku rubutun nan baƙin mai na nan maƙale a ƙarƙashin faratana, na wanke da sabulu, na dirza da soso har fata ta yi ja, ya ce shi kam ya samu gida.

Wanda bai san ni ba, ni ce Auta. Haka kowa ke kirana, har ma'aikatan asibiti. Shekarata ashirin da tara, kuma don Allah kada wani ya tuna min, ana tuna min a gida sau uku a rana kamar shan magani. Mu bakwai ne a gidan nan a da. Abba ya rasu, yayyena mata uku kowacce ta tafi nata gidan, Yaya Babba ya yi gini can ƙarshen gari, aka bar ni da Umma da ɗakuna biyar. In kun shigo da rana tun daga bakin ƙofa za ku ji tafiyar agogon falo. Akwai ranar da ba na magana da kowa sai Umma, ita kuma tun da ciwon ƙoda ya kama ta maganarta ba ta wuce "sannu" da "rage min fanka."

Litinin da Alhamis nake kai ta wankin ƙoda. Ƙarfe bakwai na safe ake son mu, in ka makara a ɗora wani a kan na'urar, kai kuma ka jira ranar da Allah ya yi. Dalilin haka na ajiye aikin koyarwa, dalilin haka na koyi tuƙi da tsohuwar motar Abba. 'Yan uwana suna nan a guruf ɗin gida, ba sa fashi, duk Litinin sai sun turo "Allah ya ƙara sauƙi" da hoton hannu biyu a ɗage.

Motar ce ta kawo min shi. Farkon watan biyu ta fara hayaƙi, fari mai shuɗi-shuɗi, tana shan baƙin mai kamar shayi, ga wani fito da injin ke yi in na tsaya a danja har mutane su waiwayo. Maƙwabcinmu ya turo mana bakanikensa. Lamba Goma ake ce masa, saboda kullum cikin neman sufana lamba goma yake, "jama'a wa ya ɗaukar min lamba goma," alhali tana aljihunsa na baya. Dogo ne, mai sanyin magana, in zai zo sai ya yi wanka ya sa riga mai guga, sai dai hannun kan tona masa asiri. Ya duba motar, ya wanke fulogi, ya cika mai, ya ce zai dawo Asabar ya ga yadda ta kwana. Ya dawo. Asabar ta gaba ma ya dawo.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ban san ranar da na fara sa kwalli ranar Asabar ba. Shi ne mutum na farko cikin shekara biyu da ya tambaye ni abin da ba na Umma ba. "Wane aji kike koyarwa a da? Kina kewar yaran?" Ni ina riƙe masa tocila, shi kansa na cikin inji, muna hira har a kira la'asar. Ya kan durƙusa a gindin tagar Umma ya gaishe ta kafin ya tafi. In ya tafi gidan ya kan yi min faɗi fiye da yadda ya same shi.

Sati biyu da suka wuce Yaya ya shigo ba zato ya tarar da mu muna dariya. Bai ko amsa gaisuwa ba.

"Malam, nan gida ne ba gareji ba. In mota na da matsala a kai maka can. Kada in sake ganin ƙafarka a tsakar gidan nan."

Lamba Goma ya tattara kayansa ya ce, "To Yaya, Allah ya huci zuciyarka." Ya fita yana jan babur ɗinsa, bai tashe shi ba sai da ya yi nisa da ƙofa.

Yaya yana da aboki, Manaja, da ya daɗe yana yi min tallarsa. Ba mugun mutum ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Sau biyu ya zo, turarensa ya riga shi shigowa ya kuma kwana bayan ya tafi, ya yi min tambayoyi kamar mai ɗaukar ma'aikata. Yaya ya ce shi ba dole yake min ba, amma ya gaji da ganina a haka. Ya ba ni zuwa Lahadi bayan la'asar. Ko dai in tsaya a kan bakanikena a gaban Umma, in ta yarda shi ma ya haƙura, ko kuma in bari Manaja ya turo manyansa. Na kalli Umma ko za ta ce wani abu. Ta ce, "Allah ya zaɓa mafi alheri," ta juya fuska bango.

Sai ga Alhamis. Muna dawowa daga asibiti motar ta yi tari sau biyu ta mutu a bakin get, maƙwabta suka turo mana ita ciki. Kafin in cire mayafi Yaya ya rubuta a guruf: "Ba damuwa, direban Manaja zai kai Umma ranar Litinin." Yayyena suka bi da "Masha Allah" a jere. Na san karatun. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In Umma ta shiga motar nan sau ɗaya, da wane baki zan ce ba na son mai ita?

Na rubuta wa Lamba Goma: "Ta mutu. Kuma Litinin dole ta tashi."

"Ki gwada tashinta. In ta kama, tana aiki ki buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, ki faɗa min yadda kika ji."

Da ƙyar ta kama. Na murɗa murfin na ja, ya ƙi, kamar wani na riƙe da shi daga ciki. Da na fizge da ƙarfi fiton ya ɗauke, injin ya hau rawar sanyi. Na faɗa masa. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya turo saƙon murya.

"Safareta ce. Wani ɗan akwatin roba ne a bayan inji. Kin ga inji in yana aiki, iska mai zafi na taruwa a cikinsa gauraye da tururin mai. Ita ke raba su, ta mayar da mai ƙasa ta bar iska ta wuce. In robar cikinta ta yage sai injin ya riƙa zuƙe man yana ƙonawa. Shi ne hayaƙin, shi ne fiton. Ba a gyara ta, canzawa ake yi. Ni an hana ni shigowa, kuma ba zan taka maganar Yaya ba. Amma ke za ki iya, Auta. Wata huɗu kina kallon hannuna."

Na saurari saƙon sau huɗu, ba don ban gane ba. Na ce a raina, kai, mutumin nan ya san aikinsa. Ban tambayi kaina komai ba, so hana ganin laifi.

Lahadi da sassafe aka buga get sau ɗaya. Kafin in fito sai ƙarar babur na ji yana nisa. Baƙar leda ce rataye a hannun ƙofar. Ciki akwai kwali, da soket da hannunsa, filaya, sukudireba, tsumma, da safar hannu da za ta ɗauki hannuna biyu a ɗaya. A can ƙasa sufana ce naɗe a takarda, ya rubuta: "Ga lamba goma na, amana." Na tsaya a bakin get ni kaɗai ina murmushi kamar wadda aka aiko wa da zobe.

Na ba Umma shayinta da maganin safe, na gyara mata matashi, na ɗage labulen tagarta kaɗan don iska. Sannan na sa wando, na ɗaura tsohon zani a kai, na ɗauko rigar Abba mai dogon hannu da ke rataye a bayan ƙofarsa tun rasuwarsa, na tamke ɗankwali har kaina ya yi ciwo. Ƙarfe tara na ɗaga bonet, na jingina waya a jikin gilashi, na ƙure murya, na kunna saƙonsa.

"Bismillah. Farko cire kan batir, baƙin, ba jan ba. Kuma kafin ki taɓa komai ɗauki hoto. Duk abin da za ki cire, hoto tukuna. Mu ma da muke taƙama muna mantawa."

Murfin saman injin ya fita da ja ɗaya, har na fara jin kaina. Babban tiyon iska kuwa sai da ya sa na tuna iyayensa. Na sassauta zoben ƙarfen da sukudireba, na ja, na murɗa, na roƙe shi, sai da na dafa ƙafa a jikin motar sannan ya saki, na tafi da baya na zauna a ƙasa daɓas. Ba wanda ya gani, ba wanda ya yi dariya. Wallahi da na so a ce akwai mai yi min dariyar.

Na leƙa da tocila. Can a lungu, tsakanin inji da bangon motar, na hango ta, baƙa, ta yi jiƙe-jiƙe da mai, tiyo uku na fita daga jikinta. Na tura masa hoto.

"Ita ce. Noti biyu ke riƙe da ita, duk lamba goma. Tiyon sama biyu suna da maƙalli na roba, ki matsa gefe da gefe sannan ki ja a hankali, zafi ya gasa su, kamar busasshen biskit suke. Na ƙasan ba za ki gan shi ba, da hannu za ki nemo shi. Nan kin fi ni, hannunki zai shiga inda nawa ba ya shiga."

Na cire safar don ba ta da amfani. Maƙalli na farko ya fita lafiya. Na biyu ya ce ƙas, ya rabu biyu a hannuna.

"Na karya!"

"Duba cikin kwalin, akwai sabon tiyo da maƙallinsa. Duk wanda ya ce miki bai taɓa karya wannan ba, bai taɓa cirewa ba."

Na ƙasan ya ci min kusan awa guda. Na kwantar da ƙirji a kan injin, kumatuna a jikin ƙarfe, hannuna ya nutse har kafaɗa, ina laluben abin da ban taɓa gani ba. Wani ƙarfe ya yanke ni a bayan hannu, ban ma ji ba sai da na ga jini a rigar Abba. Daga gidan maƙwabta ina jiyo ƙarar cokula da muryar matar gidan tana kiran yaranta ɗaya bayan ɗaya su zo su ci. Na ƙirga sunayen ba da niyya ba, shida ne. A nan tiyon ya zame ya fita.

Sha biyu na wanke hannu na je na ba Umma maganin rana. Ta kalli rigar, ta kalli fuskata da ta yi dabbare-dabbare. Da zan sauke labule saboda rana ta ce, "Bar shi."

Noti na farko ya fito salin-alin. Na biyu yana fitowa ya kuɓuce daga yatsuna, na ji shi ƙil, ƙil, ƙil yana gangarawa cikin inji, sannan shiru. Na haska ko'ina babu. Ya ce in shiga ƙarƙashi, akwai wani faranti na roba a ƙasan inji, nan suke taruwa. Na shimfiɗa tsohuwar tabarma na zura kaina a ƙarƙashin motar.

Jama'a, ban san me ya same ni a wurin nan ba. Akwai sanyi, akwai duhu, ƙasan motar na dab da hancina, ba mai ganina. Sai kawai na ji hawaye na gangara cikin kunnuwana. Na yi kukan Abba, na yi kukan ajina da na bari, na yi kukan shekara biyu da ba wanda ya taɓa cewa "Auta, je ki huta, yau ni zan kai ta." Waya na can sama tana ƙara, na bar ta. Da na gama na share fuska da hannun riga, na bubbuga farantin, notin ya gangaro ya faɗo min a wuya.

Tsohuwar safaretar ta fito da wani ƙazamin abu mai ruwan ɗorawa a bakinta, mai kauri, mai wari. Na goge mazauninta tas da tsumma kamar yadda ya ce. Na zaro sabuwar daga kwali na wurgar da kwalin gefe.

"Akwai zoben roba a bakinta. Ɗiga masa sabon mai ki shafa da yatsa, kada ki sa shi a bushe. Ki tura har ki ji ta zauna. Notin kuma kada ki nuna masa ƙarfi, jikinta roba ne. Kamar kina rufe kwalbar zuma, ya kama, ki ƙara kaɗan, ki tsaya."

Mayarwa ta fi cirewa sauƙi, hotunan suka cece ni. Tiyon ƙasa, na sama biyu, babban tiyon iska, murfi, kan batir. Ƙarfe biyu da rabi na zauna a kujerar direba da tsumma a ƙarƙashina, na yi bismillah na murɗa makulli. Ta kama a bugu ɗaya. Na leƙa madubi, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, ya fi na kullum.

"Ya ƙaru! Na ɓata ta!"

"Kwantar da hankalinki. Tsohon man da ya kwanta a salansa ne ke ƙonewa. Ba ta minti goma sha biyar. Amma saurara, kina jin fito?"

Na kasa kunne. Babu. Injin na tafiya sumul, irin muryar da na sani tun ina ƙarama in Abba na ɗumama ta da safe. Na zauna ina kallon madubi, hayaƙin na sirancewa, na sirancewa, har ya zama ba komai. Na fita na buɗe murfin mai, ya taso da yatsa biyu. Na daka tsalle a tsakar gida, ni da shekaruna. Na rubuta masa: "Yau zan faɗa wa Yaya. Kai ne, ko sama za ta faɗo." Ya turo min hoton zuciya har guda bakwai.

Da ma a nan na tsaya.

Ina tattara kaya ne na ɗauki kwalin zan jefa a shara, sai ya kife. A gindinsa akwai rubutu da jan alƙalami mai kauri, sa hannu da kwanan wata. Na san wannan, na gani lokacin da na sayi batir. Masu sayar da kayan mota haka suke yi, su sa hannu su rubuta ranar da kaya ya fita, saboda in ka dawo da shi su san nasu ne. Na karanta. Takwas ga watan biyu. Na goge da yatsa ko baƙin mai ne ya rufe wata lamba, na sake karantawa. Ni da kwanan wata ba ma ɓata, katin asibitin Umma ya mayar da ni kalanda. Shida ga watan biyu Lamba Goma ya fara taka gidanmu. Yau muna watan shida.

Akwai ranar da ban taɓa ba ku labarinta ba, saboda ba na son tunawa. Wata Litinin ce a watan huɗu. Motar ta mutu mana a kan babban titi ƙarfe shida da rabi, ga manyan motoci na wucewa suna girgiza mu. Na kira Yaya bai ɗauka ba. Na tsayar da tasi sun fi goma, duk a cike, lokacin tafiya aiki ne. Umma ta fara amai a bakin kwalta, ina riƙe da kanta ina kare ta da mayafina. Lamba Goma ne ya zo a guje, ya tare wata mota da jikinsa, ya ɗauki Umma cak ya sa ta a ciki. Duk da haka mun makara, an ɗora wani. Kafin a samar mata gurbi ƙafafunta sun kumbura, numfashi ya gagara, sai da ta kwana biyu a gadon asibiti da robar iska a hanci. A baranda na kwana biyun nan ina roƙon Allah kada ya ɗauke ta. Kuma a barandar nan na tabbatar ina son mutumin nan.

Na ɗauki hoton gindin kwalin na tura masa. "Wannan kwanan watan na mene ne?"

Ya gani. Waya ta nuna yana rubutu, ya daina. Yana rubutu, ya daina. Sai kira ya shigo, na kara wayar a kunne.

"Auta, ki saurare ni."

"Ina jin ka."

"Ranar farko na gane. Ko minti biyar ban yi ba." Muryarsa ta dushe, ba ta yi kama da ta saƙonnin ba. "Na sayo ta, da niyyar in ɗaura Asabar. Aikin awa biyu ne a hannuna. In na gama a ce an gode, shi ke nan. Da wane dalili zan sake buga ƙofarku? Ni wane ne? Sai na ce bari in ƙara Asabar ɗaya. Wallahi ɗaya na ce."

"Motar da nake kai uwata asibiti."

"Hayaƙi ne kawai da shan mai, kuma ina cika miki duk sati, ina wanke fulogi. Ban taɓa zaton za ta tsaya a hanya ba. Allah shi ne shaidata."

"To ta tsaya. Ka ga Umma a bakin titi da idonka. Bayan nan fa? Wata biyu fa ke nan."

Ya ce da ƙaramar murya:

"Bayan nan tsoro ne. In na ɗaura ta motar ta warke lokaci ɗaya, za ki ce me ya sa sai yanzu. Tana cikin akwatin babur ɗina, Auta. Duk Asabar da ita nake zuwa, da ita nake komawa. Sau nawa ina sa hannu in ɗauko, in kalle ki kina dariya, in fasa."

Na katse kiran. Na zauna a kan tabarmar da kwalin a cinyata. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa sani ba, na ji da yana gabana da na kwaɗa masa sufanarsa. Amma tun da na yi alkawarin ba zan ɓoye muku komai ba, ga abin kunyar. A can ƙasan fushin akwai wani ɗan lungu a zuciyata da ya ji daɗi. Ba a taɓa yin dabara don a gan ni ba. Ba a taɓa ƙirga Asabar saboda ni ba. Na tsani lungun nan, na tsani kaina da na same shi, ga tagar Umma ina kallo.

Ban san tsawon zaman da na yi ba, sai hon ɗin Yaya na ji. Na naɗe kwalin na cusa a ƙugun zanena, na saki rigar Abba a kai, na buɗe masa get. Ya fito cikin fararen kaya, ya kalle ni sama da ƙasa, ya kalli motar da ke aiki shiru ba hayaƙi.

"Wa ya gyara?"

"Ni."

"Ke?" Idonsa ya sauka a kan soket da filaya. "Kayan wane ne waɗannan? Ya shigo gidan nan?"

"Bai shigo ba."

"Mu je ciki."

A falo muka tarar da Umma. Ita da ba ta tashi sai na ɗaga ta, ta fito da kanta tana bin bango, ta zauna a kujerar Abba, har da mayafi. Yaya ya durƙusa ya gaishe ta, ya fara, "Umma, dama maganar da na ce yau..."

"Zauna, Babba. Yau ni zan yi magana."

Ya zauna a ƙasa. Ni na tsaya a bakin ƙofa saboda kada in ɓata kujera.

"Tun safe ina jin muryar yaron nan ta taga," in ji Umma. Tana magana tana hutawa. "Awa biyar yana bin 'yata a hankali. Ta karya abu bai yi tsaki ba. Ta yar da abu bai ɗaga murya ba. Ka hana shi shigowa, bai shigo ba, kuma bai bar mu ba. Ranar da muka tsaya a titi, kai kana ina? Shi ya ɗauke ni a hannunsa kamar uwarsa."

Yaya ya sunkuyar da kai.

"Na yi shiru ne ina kallo, don ba na son in yi gaggawa. Ni na san jikina, ba daɗewa zan yi ba. Ba mai mota nake nema wa Auta ba, mai amana nake nema, wanda in na rufe ido na san ba zai cuce ta ba. Na samu. Ka ba abokinka haƙuri."

Rabon da in ji Umma ta yi magana mai tsawon haka tun kafin ciwon. Ta juyo ta kalle ni, fuskarta a sake, tana murmushin da na manta tana da shi. Wata huɗu ina roƙon Allah ta faɗi wannan maganar. Gefen kwalin na soka min ciki, waya na ta rawa a aljihun rigar Abba.

Yaya ya ja dogon numfashi ya ɗago.

"To, Umma ta gama nata. Saura ke, Auta. Muna jin ki."